Kujerar Ƙarshe a Zauren Auta

Auta ta zana makarantu bakwai da ɗakin karatu guda, amma babu ginin da ya hana ta sukuni kamar sabon zauren taron unguwarsu. Dalili kuwa mahaifinta ne. Tsohon magini ne, kunnensa ya yi nauyi, kuma shekara huɗu ke nan rabonsa da shiga taro. Wai surutun banza ne ya gundure shi. Faɗarsa ce kawai. Tsohon zauren ne ke amsa kuwwa, magana ta daki bango ta dawo a cakuɗe, shi kuma ya gaji da gyaɗa kai ga abin da bai ji ba. Abin yana yi wa Auta ciwo ƙwarai.

Don haka ta karkata silin ɗin sabon zauren, ta jera katako mai ramuka a bangon baya don ya shanye kuwwa, ta yi ta rigima da kafinta har ya koma ɓuya idan ya hango motarta.

Ana saura kwana biyu a buɗe zauren ta ɗauko tsohon. Tun daga bakin ƙofa ya fara halinsa, yana ƙwanƙwasa bango da sanda.

"Wa ya yi miki wannan filasta? Da ƙafa ya shafa ta?"

"Baba, zo dai ka zauna."

Ta zaunar da shi a kujerar ƙarshe, can lungu, ta taka har kan dandamali. Babu lasifika. Idan bai ji ta ba, a wurinta aikin ya tashi a banza, ko duk garin zai yaba. Can sai ta yi magana da muryar hira, irin ta tsakar gida.

"Baba, tef ɗin awonka da ya faɗa rijiya ina 'yar shekara takwas, ni na jefa shi. Ba Yaya ba ne."

Tsohon yana ta kallon silin abinsa.

Sai ya ɗaga sandar ya nuna ta.

"Ja'ira! Kwana uku ina yi wa yayanki faɗa, kina gefe kina taya ni!"

Ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"To kukan na mene ne? Sauko ki kira min shi a waya." Ya gyara zama, ya jingina sandar da bango. "Kuma ki faɗa musu, ranar taron kada kowa ya zauna min a nan."