Ta'aziyyar Kunama

Shekara bakwai Ɗalha yana shan tsinuwa a inda wasu ke shan tafi, kuma bai taɓa ƙorafi ba, don aikinsa ke nan. Shi da Sadisu suka kafa wasan resilin a Kankia, irin wanda suka taso suna gani a gidan kallo. Dandalinsu katako ne da tsofaffin katifu, an zagaye da igiyar ɗaure shanu. Duk Sallah sai an yi a Kankia, washegari a Kusada.

Tun ranar farko suka raba aiki. Sadisu ɗan Kusada ne mai fara'a da faɗin ƙirji, sai ya zama Garkuwa, jarumin da ake ƙauna. Ɗalha kuwa Allah ya yi shi da murtukakkiyar fuska, sai ya zama Kunama, mai watsa wa abokin karawa ƙasa a ido, mai maka masa kujerar roba da zarar alƙalin wasa ya juya baya.

Duk shiri ne. A shagon waldar Ɗalha suke kulle ƙofa su tsara komai, su ci ɗanwake a kwano ɗaya suna dariya. In Garkuwa ya ɗaga Kunama sama ya nana da ƙasa, Ɗalha ne ya yi tsallen da kansa. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: kada a taɓa ganinsu tare. Ba sa hawa babur ɗaya, ba sa gaisawa a kasuwa. Mutane kuwa, bayin Allah, suka hau suka zauna. Har mai furar da ke bakin kasuwar Kusada ta daina sayar wa Ɗalha.

Bana da kaka zazzaɓi ya kwantar da Sadisu, kwana huɗu ya ce ga garinku nan. Sai da aka rufe shi Ɗalha ya ji, a bakin wani direba, don babu wanda ya ga dalilin aika wa maƙiyi. Wannan ya ci masa rai fiye da duk zagin da ya sha.

Ranar sadakar uku ya hau babur ya nufi Kusada da niyya ɗaya. Zai faɗi gaskiya a gaban kowa, a san cewa Sadisu amininsa ne, a ba shi wuri a tabarma cikin masu karɓar gaisuwa.

Yana tsayawa a ƙofar gidan aka yi tsit. Wani saurayi ya ce, "Mi ya kawo wanga nan?" Ɗalha bai kula shi ba. Ya cire takalmi, ya je ya durƙusa gaban Malam Kabo, mahaifin mamacin, tsoho da idanunsa suka fara dushewa.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan shi."

"Amin. Wa ke nan?"

"Ɗalha ne, Baba, daga Kankia."

"Kunama?"

"Shi ne."

Ɗalha ya buɗe baki zai fara, tsohon ya riga shi. Ya laluba ya kama hannunsa.

"Gara da ka zo. Ni ban taɓa zuwa kallonku ba, sai labari. Akwai masu ce mani wai duk wasan yara ne, ku ke shirya abinku. Ɗana bai yi karatu ba, bai tara komi ba, sunan nan kaɗai ya bar ma iyalinshi. Hwaɗa mani gaskiya, da ƙarhinshi ya kada ka?"

Duk tabarmar ta zuba masa ido. Ɗalha ya ga abin da bai hanga ba a hanya: in ya ce amini ne shi, to Garkuwa bai taɓa cin kowa ba. Ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu.

"Da ƙarhinshi ne, Baba. Na yi mashi duk muguntar da na iya, ban taɓa iyawa da shi ba."

Malam Kabo ya saki ajiyar zuciya, hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Alhamdu lillahi. Kun dai ji da kunnenku." Ya juyo ga Ɗalha. "To, na yahe maka a madadinshi, duk abin da ka yi mashi. Tashi ka tahi, yaro, kada samarin nan su yi maka rashin kunya."

"Na gode, Baba."

Babu wanda ya matsa masa a tabarma. Ya sa takalminsa, ya tura babur har ya fita daga unguwar kafin ya tayar. Sai da ya bar gari, ya kai wata gonar dawa da aka girbe, inda ba mai ganinsa, sannan ya tsaya ya yi kukan amininsa.