Filtar Malam Jalo Ta Yi Gudu

Malam Jalo tsohon duba-gari ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana leƙa randunan mutanen Gombe yana sa a zubar da ruwansu, har ya yi ritaya ya koma gidansa a Madaki, kuma babu wanda ya yi kewarsa. Abin da ya rage masa na mulki a duniya shi ne filta guda, ta ƙarfe mai hawa biyu, da ke zaune kan teburi a falonsa. A zuba ruwan 'yan ga-ruwa a sama, ya tsatso ta jikin wani farin dutse dogo da ake kira kyandir, ya taru a ƙasa garau.

Lokacin canza kyandir ɗin nan kuwa Malam Jalo ya san shi kamar lokacin salla. Duk baƙon da ya yi kuskuren neman ruwa a gidan, da darasi yake haɗiye shi. Idan ɗigon ya ragu, datti ne, a cire a goge da soso, ban da sabulu. Idan an yi ta gugar har ya rame, ko ruwan ya soma wari, a sayo sabo. Idan kuma ruwa ya fara sauka da gudu, to wannan ba a kai shi gobe, kyandir ya tsage ke nan, da ruwan filta da na jarka duk ɗaya. Matarsa Suwaibatu ta ji wannan karatu har tana iya yin sa tana tuƙa tuwo.

Shekarar da aka tashi mutanen Mubi, gidan mutum biyu ya wayi gari da mutum goma sha bakwai. A cikinsu akwai Iya, gwaggon Suwaibatu, tsohuwar da ba ta taɓa ganin abu ta bar shi ba magana ba. Akwai kuma Bushra, matar ɗan ƙanen Malam Jalo, da goyonta Najeeba 'yar wata takwas. Kwana huɗu Bushra ta yi a daji da yarinyar a baya. Mijin ya bi wata hanya ya ɓulla Kamaru, sai dai a ji muryarsa a waya jifa-jifa. Tsakaninta da Malam Jalo akwai surukuta, don haka daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, shi kuma ya amsa wa bango.

Filtar da aka yi don mutum biyu ta shiga uku. Kullum a toshe take. Malam Jalo ya koma gugar kyandir duk bayan kwana uku, daga baya kullum, har abin ya rame ya yi wuya kamar kazar da ta yi kwanci. Wata safiya yana ɗauraye shi ya suɓuce ya bugi gefen baho, ƙas. Ya ɗaga shi a rana. Ga tsaga nan siririya, daga wuya har tsakiya. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya mayar da shi ya ɗaure.

Ranar aka ga aiki. Ruwan da a da sai ya wuni yana ɗiga, kafin azahar ya sauka sau uku. Yara suka daina layi da kofuna.

"Ka gani ko, Jalo," in ji Iya. "Filtar nan ta saba da mu. Dama baƙunta take yi."

Suwaibatu ce kaɗai ta tsaya da ludayi a hannu. "Malam, ba kai ne ka ce in ta yi gudu..."

"Wannan gudun daban ne," ya ce.

Suwaibatu tana da tukunyar mutum goma sha bakwai a kan wuta, ba ta da lokacin musu da tsohon ma'aikacin gwamnati. Ta koma murhu.

Gudun kuwa ba daban ba ne, kuma Malam Jalo ya fi kowa sani. Matsalar ita ce shago ɗaya ya yarda da kyandir ɗinsa, shagon Madam Edna, can tsakiyar kasuwa. Shi kuwa rabonsa da kasuwa tun ranar da bam ya tashi a tasha yana tsallaken titi yana zaɓar lemo. Ko ƙwarzane bai ji ba. Ya dawo gida da lemon a hannu, ya ajiye, bai ce wa kowa komai ba. Tun daga ranar, duk inda ya hangi cunkoso sai ya canza hanya. Juma'a ma a sahun ƙarshe yake tsayawa, bakin titi. In an tambaye shi ya ce gwiwa ce. Ba gwiwa ba ce. Tsoro ne tsagwaronsa, kuma kunyar tsoron ta fi tsoron cin sa.

Ya yi tunanin ya aiki wani, sai ya ga ba zai iya tura ɗan mutane inda shi ya kasa zuwa ba. Ya yi tunanin ya ce a riƙa tafasa ruwa, sai ya ga dole a tambaye shi dalili, kuma dalilin zai ja wani dalilin. Daga ƙarshe ya kunna kyandir na gaske, na wuta, ya ɗiga narkakkensa a kan tsagar. Da a zamanin aikinsa ya kama wani da wannan ɗanyen aiki, da unguwa ta ji kansu.

Ya ce wa kansa gobe. Goben ta yi sati uku.

Sai Najeeba ta fara gudawa.

"Haƙori ne," in ji Iya, ko duba yarinyar ba ta yi ba. "Duk wanda ya yi haƙori a duniya da zawo ya yi shi."

Matan gidan suka yarda. Aka dubi Malam Jalo, tunda shi ne masanin lafiya. Ya gyaɗa kai. Rabonsa da ya ji maganar da ta yi masa daɗi kamar wannan haƙorin ya daɗe.

Rana ta uku da hantsi ya fito alwalar walha, ya tarar da Bushra a bakin falo. Yarinyar na kan cinyarta, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ko kukan kirki ba ta iyawa. Bushra ta auna gishiri da sukari a kofi kamar yadda aka koya musu a asibiti. Ta miƙa hannu ta murɗa famfon filta, ruwa ya zubo shaa, ta juya da cokali, ta nufi bakin yarinyar.

Malam Jalo bai san sanda ya fizge kofin ba. Tunda aka kawo Bushra danginsu, hannunsa bai taɓa zuwa kusa da nata ba.

"Suwaibatu!" ya ƙwala kira. "Ku kai yarinyar nan asibiti yanzu. Kada wanda ya ƙara shan ruwan nan sai an tafasa."

Ya shiga ɗaki ya sa hula, ya cire, ya sake sawa. Ya fita.

Mai keke mai ƙafa uku ya sauke shi nesa, don ba a barin abin hawa ya matsa kusa da kasuwa. A ƙofa 'yan banga suka shafa masa ɗan ƙarfen nan mai kuka, gaba da baya. Yana shiga ya fara rarraba ido. Duk mai jaka abin zargi ne, duk mai buhu ya gama da shi. Wani ya yar da faranti a layin 'yan tangaran, Malam Jalo ya tsinci kansa a tsugune bayan buhun gero, sai ya yi kamar yana duba ƙwayar. Ya ma tambayi kuɗin mudu.

"Baba Duba-gari!" Madam Edna ta tafa hannu. "Wallahi na ɗauka ka mutu."

"Da saura," ya ce. "Ba ni kyandir biyu."

"Wancan ya kai wata nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Kai da kake ce mana wata shida in gida da yawa?"

"Naɗe min kawai, Madam."

A hanyar komawa aka tsayar da kekensu a shingen sojoji, kowa ya sauka ya ɗaga hannu. Wani soja saurayi ya buɗe ledar da bakin bindiga, ya ga abu fari dogo mai wuyan ƙarfe da zare. Ya ja baya taku uku, fasinjoji suka ja goma.

"Baba, menene wannan?"

Nan Malam Jalo ya yi darasinsa, hannu a sama, tun daga ɗigo har gudu, bai tsallake ko soso ba. Sojan ya saurara har ƙarshe.

"Namu na bariki yana gudu sosai," ya ce.

"Ku canza shi yau," in ji Malam Jalo. Aka ba shi ledarsa.

A gida ya wanke filtar da ruwan zafi, ya ɗaura sabon kyandir, ya zuba ruwa. Aka jima kafin a ji ɗigon farko, ɗis. Aka ƙara jimawa kafin na biyu.

"An cuce ka, Jalo," Iya ta ce. "Tsohon ya fi ƙwazo."

Malam Jalo ya sake fita. Ya wuce asibitin unguwa, ya tarar an sa wa Najeeba ƙarin ruwa ta jijiyar kai, don an rasa ta hannu. Suwaibatu ta tafi karɓo magani. Bushra ce kaɗai a bakin gadon. Da ta gan shi ta zamo ƙasa za ta durƙusa.

"Zauna," ya ce. Ya samu benci ya juya wa gadon kafaɗa, ya yi magana da taga.

"Bushra, ba haƙori ba ne. Kyandir ɗin ne ya tsage. Yau sati uku da kwana biyu. Na gani da idona na mayar. Kasuwa nake tsoro, shi ke nan, babu wani dalili."

Ya jira kuka, ko baƙar magana, ko da a cikin ladabi ne. Ya shirya ma karɓa.

"Na sani, Baffa," ta ce a hankali.

Ya juyo. Karon farko ke nan da ya dubi fuskarta sosai, ashe yarinya ce ƙarama.

"Muna da irinta a Mubi. Ranar da na buɗe zan zuba ruwa na ga inda aka liƙe."

"Kin gani? To me ya hana ki faɗa? Me ya hana ki tafasa mata nata?"

Bushra ta gyara wa yarinyar zani, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Mu goma sha biyar muna cin abincinku, muna kwana a ɗakunanku, itacen ma ba ya isar Gwaggo Suwaibatu. Da wane baki zan ce ruwan gidanku ba shi da kyau?"

Malam Jalo ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, da tausayin yarinyar nan da ta tsallake daji da 'yarta lafiya ta zo ta kusa rasa ta a falonsa saboda kara.

Nas ta shigo ta duba ledar ruwan, ta taɓa kan Najeeba.

"Sista, yaya kika gani?" ya tambaya. "Za ta tashi?"

"Sai mun ga ta yi fitsari, Baba. In ta yi, da sauƙi."

Nas ta fita. Ya jawo bencin kusa da gadon. Shi ta wannan gefe, Bushra ta wancan, suka zuba wa zanin yarinyar ido.