Sarƙar Keken Suhair

Sau uku Suhair ta gaya wa yayanta Ragab dokar gasar: ranar Talata a shagonsa na gyaran keke, ranar Alhamis a waya, sai kuma safiyar Juma'a a bakin tafkin Timsah tana sa hular iyo. Za a yi iyo na mita ɗari bakwai da hamsin, a hau keke kilomita ashirin, a yi gudu kilomita biyar. Duk wanda ɗan kallo ya sa masa hannu, ko ruwa ne ya miƙa masa, za a soke sunansa daga gasar.

"Yaya, ko faɗuwa ka ga na yi, ka bar ni a ƙasa."

"Na ji, Auta. Sai maimaitawa kike kamar ni ɗan ajinki ne."

Malamar lissafi ce, shekararta arba'in da uku, kuma tun rasuwar mahaifinsu Ragab bai bar ta ta ɗaga ko tsinke ba. Shi ya san wani da ya sama mata makaranta, shi ya san wani da ya ba ta aiki kusa da gida, lasisin tuƙi ma a aljihunsa ya kawo mata. A duk birnin Isma'iliyya na Masar babu ƙofar da Usta Ragab, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a can, bai san mai gadinta ba. Mutane na cewa ta yi dacen ɗan'uwa. Ita kuwa in ta duba rayuwarta ba ta ganin abu ɗaya da za ta ce ita ta yi, abin yana ci mata rai. Shi ya sa ta shekara biyu tana koyon iyo da gudu. Ba kofi take nema ba. Sunanta take so a takardar sakamako, ko da a layin ƙarshe ne, ba da hannun kowa ba.

Da aka faɗa tafkin, ta sha ruwansa mai gishiri, ta sha shurin sauran masu iyo a haƙarƙari, amma ta fito. Ta hau keke. Sai a kilomita na sha huɗu, daidai shataletalen da 'yan kallo suka taru, sarƙar keken ta zame. Ko gezau ba ta yi ba, don ta gwada mayar da ita ya fi sau ashirin a falonta. Ta sauka ta durƙusa.

Hali zanen dutse. Kafin yatsanta ya taɓa ƙarfe, Ragab ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar da aka tare 'yan kallo da ita, da tumbinsa da silifas ɗinsa, ya ture hannunta, ya juya feda sau ɗaya, sarƙa ta koma.

"Hau ki tafi, babu wanda ya gani."

Mutum ɗari sun gani. Alƙalin gasa, wani dogo da ake kira Kaftin Medhat, ya gani, ya ɗaga jan kati ya rubuta lambarta.

Suhair ta dubi yayanta. Ta sa hannu ta fizge sarƙar ta fito, ta mayar da ita da kanta, baƙin mai har wuyan hannu.

"Ka gani? Na iya. Tun da can na iya."

Ta hau ta wuce. Kilomita shida na keke da biyar na gudu ta yi su tana sane cewa aikin banza take, haushi ne kawai ke ɗaga mata ƙafa. Ta tsallake layin ƙarshe ba wanda ya rataya mata komai. Ta zauna a gefen kwalta, ta ƙi kallon kowa.

Can sai ga Ragab yana washe baki, kofin ruwan mangwaro a hannu ɗaya, lambar yabo tana lilo a ɗayan.

"Share hawayenki, Auta, an gyara. Ashe Kaftin ɗin nan ɗan Hajja Ni'imat ne ta bayan tasha, ni na koya masa hawa keke. Na sumbaci kansa, na ce ya dubi girmana. Ya mayar da sunanki."

Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ta miƙe tsaye.

"Ka je ka yi me?"

"Magana kawai na yi. Mutum da mutum, meye a ciki?"

"Shekara biyu, Yaya. Shekara biyu ina shan ruwan tafkin nan kamar kifi, don in sami abu ɗaya da ba ka taɓa ba. Ka taɓa min keke, bai ishe ka ba, sai da ka bi sunan ma ka taɓa."

"Ikon Allah. Laifi ne in ga ƙanwata a durƙushe a titi in ɗaga ta? Baba ya bar min ke amana."

"Amana ya bar maka, ba gurguwa ba."

Ta karɓe lambar daga hannunsa, ta nufi rumfar alƙalai, yana biye da ita yana cewa ta rufa masa asiri a gaban mutane. Kaftin Medhat yana ganinta ya sunkuyar da kai.

"Malama, komai ya wuce, albarkacin Usta."

"Kaftin, an sa min hannu ko ba a sa ba?"

Ya ce an sa.

"To ka yi aikinka."

Ta ajiye lambar a teburin. Takardar sakamakon tana gabansa, ta hango sunanta a layi na tamanin da ɗaya cikin casa'in, da lokacin da ta yi a gefensa. Ta tsaya ta karanta shi sau biyu, don ba ta taɓa ganin abin da take so kamarsa ba. Kaftin ya ɗora biro ya ja masa layi.

Ragab ya tsaya da kofin mangwaro, ya rasa inda zai sa kansa. Da ta juya ta kama keken za ta tafi, hannunsa ya miƙe da kansa zai karɓar mata, kamar kullum.

Ta dube shi. Ya mayar da hannun aljihu.