Ɗan Dako a Tantin Baƙi

Ƙanƙara ta tsare mu a zangon Barafu, na ƙarshe kafin ƙololuwar dutsen Kilimanjaro, tun da hantsi, ba hawa ba sauka. Ni ne kuku, sunana Kimaro, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa tuwon masara a tantin da iska ke neman yin gaba da shi ya san irin zagin da nake yi a zuci. Mu uku muka cushe a tantin girki saboda ɗumin murhu: ni, da ja-gorarmu Aikande, da baƙonmu, wato mahaifinta, tsoho Ndesario.

Ndesario a dakon Kilimanjaro ya ƙare ƙarfinsa, tare muka fara. To amma ɗan dako a Barafu yake tsayawa. Nan zai sauke kaya, baƙi su wuce ƙololuwa, su dawo suna nuna wa juna hoto, shi kuma ya naɗe musu tanti. Bai taɓa taka saman ba. Da 'yarsa ta zama ja-gora sai ta rantse sai ta kai shi, kuma a matsayin baƙo, wani na ɗauke masa jaka.

Mun kuwa sha fama. Kwana da kwanaki muna hawa, kullum sai an yi kokawa kafin a raba shi da tulun gas.

"Ajiye mana, kai baƙo ne," nakan ce masa.

"Baƙon gidan wa? Kai dai je ka gyara gishirin miyarka, har ka tsufa ba ka iya ba."

Yau ba gishiri ne ya dame ni ba, tarinsa ne. Na san wannan tarin, mai jiƙe, kamar tukunya na tafasa a ƙirji. Ciwon hawan dutse ne ya kama shi, maganinsa kuma ɗaya ne, a sauka. Shi ma ya sani sarai. Sai dai ɗan dako ba ya tari a gaban ja-gora, don wanda aka ji shi ake mayarwa ƙasa, kuma ba lalle a sake nemansa ba. Sai ya jira iska ta kaɗa tanti da ƙarfi, sannan ya tura baki cikin hula ya yi abinsa. A gaban 'yar cikinsa fa. Haushi ya kama ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

"Baba, miƙo hular nan," in ji Aikande.

Ya ƙi. Ta sa hannu ta zare ta, ta ga kumfa mai jaja-jaja a ciki.

"Baba, don Allah. Da ta lafa mu sauka. Baɗi sai mu dawo."

"Baɗi da wace ƙafar? Ga kan dutsen nan a kaina, yarinya. Tun kina goye nake kwana a gindinsa."

"Kawu, ka yi masa magana," ta ce da ni.

"Ndesario, ba zan sauka da gawa ba, kana da nauyi."

Bai yi dariya ba. Ya ce in dai sauka ce, sai dai mu ɗaure shi a gadon ƙarfen nan mai taya da ake sauko da marasa lafiya, shi kuwa ya tura mutane da yawa a kai, ba zai hau ba.

Haka muka zauna, gwiwa na gugar gwiwa. Ƙanƙara ta danne rufin har yana taɓa mana kai. Warin gas, warin safa, ga numfashinsa yana ƙara gajarta, ba inda mutum zai kau da kunne. Na dafa shayin citta, ya huce a hannunsa. Ta roƙe shi da sunan mahaifiyarta, ta roƙe shi da jikoki, ya kafe.

Can da rana ta karkata iska ta faɗi. In za a sauka, yanzu ne. Aikande ta fita. Da ta dawo ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin tanti, rediyon ja-gora a ƙirjinta.

"Ndesario."

Ban taɓa jin ta kama sunansa ba.

"Kai, ɗan dako. Ba ka da lafiya, ba na hawa da kai. Tattara ka sauka, yanzu."

Wallahi kafin ta rufe baki ya miƙe. Ba na jin ya ma yi shawara, jikinsa ne ya tashi da kansa. Ya sunkuyar da kai.

"To, shugaba."

Na tallabe shi muka kama gangara. Ko sau ɗaya bai waiwayi saman ba. Ita tana bayanmu, ina jin kukanta, ban juya ba. Kafin mu shiga dajin da ke ƙasan dutsen tarin ya fara sauƙi.

Ya rayu, yana nan a gonarsa ta ayaba. Amma daga ranar, ko faten ayaba ta kawo masa har ɗaki, "shugaba" yake ce mata. Bai ƙara kiranta Aikande ba.