Karce a Waƙa Ta Uku

Mai Rediyo bai taɓa zama a aji ba, Turanci kuwa ko na tambayar hanya ba ya ji, amma duk layin ba wanda ya isa ya koya masa kiɗan sol na baƙaƙen Amurka. Da bakinsa yake faɗa: gobara ta cinye shagonsa, ambaliya ta share ɗakinsa, likita ya ce ba zai ga baɗi ba, ga shi nan daram, likitan ne ma ya riga shi. Abu ɗaya ya fito da shi daga gobarar, a hammata, girarsa a babbake: faifan garmaho mai jan kwali, na mawaƙin da yake kira Mai Tsakuwa, don muryarsa kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti.

Tela, maƙwabcin shagonsa, shi wani mawaƙin da suke kira Mai Zuma yake so. Tun suna da baƙin gashi suke wannan rigima. Mai Rediyo ya ce Mai Zuma yana waƙa kamar wanda ke tsoron rigarsa ta yamutse, an lafta masa goge da 'yan amshi don a rufe cewa ba abin da ke ci masa rai. Tela ya ce Mai Tsakuwa ihu kawai ya iya, kamar an datse masa yatsa da ƙofa, kuma a waƙa ta uku muryarsa ta tsinke aka bar ta haka, ɗinkin da ya warware aka kai wa mai kaya. Mai Rediyo ya ce wannan tsinkewar ita ce faifan gaba ɗaya, amma ina mai auna wuyan riga zai gane?

Sai ɓarin jikin Tela ya shanye, bakinsa ya rufe. Da Mai Rediyo ya je duba shi, ya tarar an jingine shi da matashi, an rufa masa bargo har wuya, 'yarsa ta ajiye waya kusa da kunnensa, Mai Zuma na ta malala a hankali. Kowa na magana ƙasa-ƙasa. Idon Tela na kan silin, ba ya ko ƙiftawa. 'Yar ta ce tun da aka sallamo su daga asibiti haka yake, sun daina sa ran zai ƙara motsi.

Ran Mai Rediyo ya ɓaci. Mutumin da ya taɓa korar sa daga shago da almakashi, shi ake lallaɓawa kamar an gama da shi? Ya fita ba sallama, ya dawo da garmaho a ka, yana haki, jan kwali a hammata.

"Baba, ku yi haƙuri, wannan fa shi ne wanda ba ya so," in ji 'yar.

"Na fi ki sani. Kashe wannan mai kukan kyanwar."

Ya ɗora garmahon a kan kujera daidai hannun Tela mai lafiya, ya sa allura a waƙa ta uku, ya ƙure murya. Ya tsaya a kansa yana surfa masa: ai dama ya san ƙarshen mai sauraron Mai Zuma ke nan, kwanciya, kunnen tela bai wuce ƙarar keke ba, yau dai ba bakin musu, a shaida ya ci gardama.

Muryar Mai Tsakuwa ta hau, ta hau, ta kusa inda take tsinkewa. Idon Tela ya sauko daga silin. Bargo ya motsa. Hannun ya fito, ya laluba, ya kai wa allurar mangari. Ƙiiii! Ta ja layi tun daga tsakiyar faifan har baki.

'Yar ta dafe baki tana kuka. Mai Rediyo ya ɗaga faifan ya duba a hasken taga. Abin da wuta ba ta taɓa ba, ruwa bai taɓa ba, ga fari fat an karce shi, daidai kan wurin da ya fi so.

"Mugu," ya ce. "Azzalumi. Dama can hassada ce."

Gefen bakin Tela mai lafiya ya ɗan ja sama.

Mai Rediyo ya mayar da faifan kwalinsa, ya ce wa 'yar kada wanda ya taɓa garmahon nan, a bar shi inda yake. Ɗaya fuskar faifan lafiyarta ƙalau, kuma gobe da hantsi zai dawo.