Hikimar Malamin Rara

Littafin ya iso Wurno wata ranar Laraba a shekarar 1953, cikin jakar Malam Lauwali hedimasta, wanda ya dawo daga kwas a Sakkwato da sabon tabarau da ra'ayi a kan komai. Littafi ne mai jan bango, da Turanci, a kan mulki da addini da zaman jama'a a ƙasar Rima. Wanda ya rubuta shi wani Bature ne da mutanen gari suka sa wa suna Mai Lofe. Ya yi rani guda a Wurno, shekara huɗu da suka wuce, yana tambayar abin da bai shafe shi ba. Yanzu ya koma ƙasarsu ya zama masani a kansu.

Malam Mainasara ya bar azahar ta wuce kafin ya tafi makarantar, don kada a ce ɗoki yake yi. Shi ne ya zauna da Baturen nan kwana arba'in a zaurensa, yana shaƙar hayaƙin taba yana ba shi amsa. Ya san rabin abin da ke cikin littafin daga bakinsa ya fito.

"Karanta mini wurin da yac ce sunana," ya ce bayan sun gaisa.

Lauwali ya gyara tabarau, ya buɗe farko-farko. "Allah shi gafarta Malam, sau guda ka hito. Ga ka nan cikin godiya. Wai yana gode ma wani Mainasara, wanda ya riƙa kawo mishi maganganun malaminsa bisa amana. Kana tsakanin kuku da mai kula da doki."

"To sauran fa?"

"Sauran duk Malam Abdulƙadiri na Rara. Babi guda sukutum. Wai bai ga mai zurfin tunani irinsa ba daga nan har Masar." Lauwali ya ɗago kai. "Ni dai na san Malam Abdulƙadiri. Ban san shina da zurfi ba. Faɗi na sani."

Mainasara bai yi dariya ba, domin shi ya haɗa abin da hannunsa.

Ɗan masunci ne, daga bakin gulbi. Shekara goma sha tara ya yi yana karatu a Rara, a zauren marigayi Malam Yari, har ya fi kowa a gidan. Da tsohon ya rasu, sai zaure da littattafai da buzu suka koma hannun ɗansa Abdulƙadiri, mutumin da ya karanta kowane littafi har tsakiyarsa. A ladabin gidajen karatu, ɗalibi ba ya cewa ni na ce. Abin da ya fito daga bakinsa na gidan da ya raine shi ne, sai ya jingina shi ga mai buzun gidan. Yawancin ɗalibai suna yin haka ne a kan ƙananan abubuwa. Mainasara kuwa, da ya ga Bature da alƙalami a hannu, sai ladabi ya zo masa da yawa. Duk maganar da ya ga za ta iya kai mutum gidan yari, sai ya fara da cewa, Malam Abdulƙadiri yana cewa. Lissafinsa shi ne in ta yi wari, ta yi a Rara.

"Akwai saura," in ji Lauwali, da irin jin daɗin mai kawo mugun labari. "Di'o ya karanta. Ka san alƙalin Goronyo idonsa ya tahi. To an ce Di'o na son ganin malamin Rara ranar Alhamis ta sama a Rabah, zauren hakimi, kahin ya aika da sunan sabon alƙali Sakkwato."

Shekara shida Mainasara yana jiran kujerar nan. Ya san ciwon idon alƙalin fiye da yadda alƙalin ya san shi.

A gida matarsa Safara'u tana yankan albasa a tsakar gida, ta saurari labarin har ƙarshe ba ta ajiye wuƙa ba.

"Wato Malam, ka cika kwando da kunamu ka aika mishi, ya buɗe ya iske ƙwai."

"Ban tambaye ki ba."

"A'a, ni wa? Tahi ka ce naka na. Bakinka ciwo shikai?"

"In ce na yi wa ɗan malamina ƙarya kwana arba'in? Gaban mutane?"

"To zauna. Ladabi ai abinci na, mu dahwa shi da dare."

Kwana biyu bayan haka saƙo ya zo daga Rara. Malam yana gaisuwa, kuma yana son babban ɗalibin gidan ya raka shi Rabah ya riƙe masa gafaka. Mainasara ya amsa da to. Ya riga ya yanke abin da zai yi. Zai je, zai zauna, ba zai ce uffan ba. Di'o zai yi tambaya, Abdulƙadiri zai buɗe baki, daga nan Allah ya isa.

Sun haɗu ranar Alhamis da hantsi a ƙarƙashin wata tsamiya kusa da ƙofar hakimi. Abdulƙadiri ya ƙara jiki, ya sha rawani fari tas, yana zaune kan buzu kamar tare aka halicce su. Mainasara ya cire takalmi ya durƙusa, ya yi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar dabbobi.

"Ƙanena," in ji Abdulƙadiri, "an karanta mini littahin nan. Wallahi na ƙaru da kaina. Ban san ina da wanga ilimi ba."

"Allah shi gafarta Malam, Bature na, shina ƙari."

"Bai ƙara ba. Na ji muryarka cikin kowane layi, har da tarin da kakai kahin ka ciji mutum." Ya ja carbi guda biyu. "Da abin ya ɓaci, dogarai za su zo Rara su ɗaure ni gaban iyalina, kai kuma ka zo jaje da goro. Ko ba haka ka shirya ba?"

Mainasara ya dubi ƙasa. A shekara talatin da saninsa, bai taɓa zaton mutumin nan yana iya bin magana daga farkonta zuwa ƙarshenta ba.

"Ladabin gida na bi, Malam."

"Madalla. Riƙe shi da kyau yau. Ɗauko gafaka."

Zauren ya cika. Hakimi yana kan shimfiɗarsa, fadawa a gefe, limamai da dattawan gari sun jeru jikin bango. Di'o, Baturen mulki, yana kan kujerar ƙarfe da gajeren wando, jan littafin a kan gwiwarsa, takardu sun leƙo daga tsakanin shafuka. Hausarsa irin ta jarrabawa ce, kowace kalma da takalminta. Mainasara ya zauna a bayan malaminsa, inda ɗalibi ke zama.

"Malam," in ji Di'o, "an rubuta a nan ka ce shari'a kamar gulbin Rima take. Ina so ka bayyana mini."

Abdulƙadiri ya lumshe ido. Ya daɗe a haka har wani bafade ya yi gyaran murya. Sannan, ba tare da ya waiga ba, ya ce, "Mainasara, hwaɗa mishi."

Dattawa suka gyaɗa kai. Haka manya ke yi. Babban malami ba ya amsa ƙaramar tambaya da bakinsa alhali ɗalibinsa na zaune.

"Allah shi gafarta Malam, ban riƙe ba."

Wani limami ya dube shi kamar ya ga kare a masallaci.

"Ba komi," in ji Abdulƙadiri a hankali. "Kan mutum na gajiya." Ya juya ga Di'o. "Abin da nike nuhi, gulbi ruwa na. Shari'a kuma tsarki ta. Saboda haka alƙali shi yawaita alwala. Kuma in damina ta yi, kada shi ƙetare sai da jirgi."

Di'o ya dubi littafin, ya dubi malamin, goshinsa ya tattare. Abdulƙadiri ya ci gaba, ya shiga batun kada da kifi. Mainasara yana ganin kujerar Goronyo tana tasowa tana nufo shi. Abin da ya rage masa kawai ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan. Amma maganar nan shekara goma ya yi yana sassaƙa ta, tun yana bin ubansa cikin kwalekwale yake ganinta, ga shi ana yanka ta a gabansa da wuƙa marar kaifi, kuma ya san da gangan ake yi.

"Ba haka ba ne!"

Sai da ta fita daga bakinsa Mainasara ya ji ta. Ya sassauta murya. "Wato, abin da Malam ka nuhi, gulbi guda na, ba shi canza suna, amma kowace shekara shina canza makwanci. Inda anka shuka albasa bara, bana ruwa na. Inda ruwa yat tashi, ƙasa sabuwa ta hito, mutum biyu na hwaɗa kanta. Alƙalin da ya buɗe littahi ya ce iyaka na nan inda kakanni sunka bar ta, ya yi gaskiya ga takarda, ya zalunci mai rai. Hukunci ba shi canzawa. Inda zai sauka shi ka canzawa. Sai alƙali ya tuɓe takalmi ya shiga fadama ya ga inda ruwa yak kwana, kana ya dawo ya buɗe littahi."

Ya yi magana mai tsawo. Ya kawo misalin gado, ya kawo na makiyayi da manomi. Bai taɓa yin bayani mai kyau irin na ranar ba, kuma yana yi yana jin ƙyamar kansa.

Di'o ba wawa ba ne, ko da yake aikinsa bai buƙaci a gane haka ba. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke zaune a baya. Sannan ya buɗe wani shafi.

"Akwai wata magana kuma. An ce, shugaban da ya fi tsoron wanda ya naɗa shi a kan waɗanda yake mulka, ɗan aike ne da rawani." Ya rufe littafin a kan yatsansa. "Malam Mainasara, ina tambayarka kai. Waɗannan maganganu duka, na wane ne?"

Hakimi bai ɗago ba, yana duban zoben hannunsa, amma fadawa sun ɗago a madadinsa. Mainasara ya ga yadda abin yake sarai. Maganganun biyu ba a raba su. In ya ɗauki gulbi, sai ya ɗauki rawani. Ɗan Malam Yari yana iya faɗin haka a zauren nan a ce tsufa ne da gadon malanta, domin ubansa ne ya koya wa hakimin alif. Ɗan masunci in ya faɗa, ya zagi sarauta a gabanta, ya kuma shaida da bakinsa cewa ya yi wa gidan malaminsa ƙage. Daga nan ba Goronyo ba, ko zaurensa na Wurno ba mai sake shiga.

"Na Malam na, ranka shi daɗe," ya ce. "Ni ɗauka kawai nikai."

"Hakiman ƙasar Sin nike nuhi," in ji Abdulƙadiri cikin natsuwa. "An ce sun lalace ƙwarai."

Hakimi ya yi dariya, saboda haka kowa ya yi. Di'o ya ciro alƙalami. Lauwali ya ba da labari daga baya cewa abin da ya rubuta shi ne, idan ɗalibin haka yake, ba sai an gwada malamin ba.

A waje, ana ɗaura wa dokin Abdulƙadiri sirdi, Mainasara yana tsaye da gafaka a hannu ba wanda ya karɓa.

"Ƙanena, ka san alƙali na son muhuti," in ji Abdulƙadiri yana neman likkafa da ƙafa. "Mai zama baya, shi duba littahi, shi shiga fadama in ta kama. Ni ƙahwahuna ba su son laka."

"Allah shi tsine ma wanga ladabi," in ji Mainasara a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Amin. Amma bayan mun kama aiki." Ya hau da ƙyar, doki ya yi nishi. "Ranar Asabar za ni Goronyo. Ka zo da wuri, ka taho da tawadarka. Tawa ta bushe tun zamanin Baba."