Katangar da Kotu Ta Hana a Taɓa

Ƙarar ƙarfe da ake ja a kan siminti ce ta sa Mai Walda ya ajiye kofin shayinsa. Ya matsa jikin katangar da ta raba gidansa da na maƙwabcinsa, ya ɗora ido a tsagar da ta ratsa ta daga sama har ƙasa. Tsohon Direba ne ke jan gadonsa zuwa tsakar gida, yana ja yana hutawa.

"Baba, ina za ka da gado, ga hadari?"

"Au, mai ƙara ne? Katangarka ce ta fara yi mini magana. Ƙasa take zubo mini a fuska."

"Yau kuma tawa ce?"

"To ai haka ka rantse gaban alƙali."

Haka kuwa ya rantse. Shi ya fara kai ƙara, wai katangar a filinsa take. Ana cikin shari'ar, katangar ta karkata kan ɗakin tsohon, ɗaki ɗaya tal da yake da shi, tsohon ya tokare ta da katako. Mai Walda ya kira 'yan sanda. Ƙaramar kotu ta sami tsohon da laifin ɓarna, ta yanke masa zaman kurkuku. Ya ɗaukaka ƙara, aka ba da shi beli. Babbar kotu ta karɓe shari'un biyu za ta duba, ta ce a cire katakon, kada kuma wanda ya taɓa katangar, ko da tsinke ne.

Washegarin fito da gadon, Mai Walda ya tafi wurin lauyansa.

"A janye, Barista. Na haƙura."

"Ta laifin ta fita hannunka, ta hukuma ce yanzu. Kuma jira take a san mai katanga."

"Ita ta katangar fa?"

"Tana jiran ta laifin." Lauya ya yi dariya shi kaɗai.

Damina ta kankama. Tsohon yana kwance ƙarƙashin tampol, tarinsa na shigowa ta tsagar kamar a kunne ake yi. 'Yarsa ta yi ta roƙonsa ya koma gidanta, ya ce in ya fita za a ce ya bar wa mai ƙara katangar. Wata rana Mai Walda ya sa baki a tsagar.

"Baba, ka mayar da katakon ka shiga ɗaki. Wallahi ba wanda zai ji."

"Na san bakinka, ɗana."

Da tarin ya ɗauke, hantsi ne, sama ta washe. Mai Walda ya leƙa. Ido ya tarar a ɗaya gefen, buɗe, ya saitu da nasa. Ya yi sallama. Ya jira idon ya ƙifta. Ƙuda ya sauka a gefensa, ya zauna.

Ranar da aka kira shari'ar, alƙali ya ce ta laifi ta mutu da mai ita. Ta katanga kuwa magada za su gada, umarnin na nan daram.

'Yar ta tare a gidan da yaranta don kada a ce sun bari. Wata rana da Mai Walda ya dawo gida, sai ya ji muryoyin yara a cikin ɗakin nan, suna wasa. A ƙarƙashin dariyarsu ƙasa na zuba, siriri, ba ta tsayawa.

"'Yar Baba, fito da yaran nan."

"Wani sharrin ka ƙulla kuma?"

"Ki fito da su dai."

Ya ɗauko sarƙa da ƙugiya daga shago, ya maƙala a kan katangar, ya jawo ta ɓangaren gidansa. Ba ta yi gardama ba.

Da ƙura ta lafa, ya yi wanka, ya sa kayansa masu kauri, ya zauna kan ɓaraguzan yana jiran 'yan sanda. Kajinsa suka haura tubalan ɗaya bayan ɗaya, suka shiga kiwo a tsakar gidan mamacin.